Raga, Siminti ko Titaniyam: Da Me Ake Gyara Bangon Ƙirji?



A shekarar 2015 kafafen yaɗa labarai na duniya suka yayata labarin wani mutum ɗan shekara 54 da aka yi wa tiyata a asibitin jami'ar Salamanka da ke Sifaniya. Ciwon daji ya kama masa ƙashin ƙirji da wani sashe na haƙarƙari, dole aka yanke wurin gaba ɗaya. Kafin ranar aikin, likitocinsa sun tura hoton ƙirjin nasa zuwa birnin Melbon na Ostareliya, inda kamfanin Anatomics da hukumar binciken kimiyya ta ƙasar suka ƙera masa sabon ƙashi da haƙarƙari na ƙarfen titaniyam. Na'urar da ta yi aikin tana narka garin ƙarfe ne tana jera shi hawa-hawa, har siffar ta fito daidai da awon jikinsa. Kwana 12 da yin tiyatar aka sallame shi. Abin burgewa ne, babu musu. Sai dai labari irin wannan yana bar wa jama'a wata fahimta da nake ganin a karkace take, wato cewa nasarar gyaran ƙirji tana ga abin da aka dasa, kuma wanda ya fi tsada da sabunta shi ya fi kyau. Ni a ganina, abin da ke sa ƙirjin da aka gyara ya ɗore shi ne nama mai rai, mai gudun jini, da aka lulluɓe wurin da shi, sai tsabtar ciwon, sai ƙwarewar hannun da ya yi aikin. Abin da aka dasa yana bayan waɗannan uku. Bari in kawo dalilaina.

Mu fara da aikin da ƙirji yake yi. Mutum yana da haƙarƙari 12 a kowane ɓari, sun taso daga ƙashin baya sun kewayo, 7 na sama kuma sun haɗe da ƙashin ƙirji kai tsaye ta hanyar guringuntsi. Mutane sukan ɗauka cewa aikinsu kare zuciya da huhu ne kawai. Suna karewa, amma babban aikinsu motsi ne. Huhu ba shi da tsokar da zai ja iska da kansa. Ƙirji ne ke buɗewa, tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya sauka, sai iska ta faɗa ciki, kamar dai zugazugin maƙeri. To, idan aka yanke haƙarƙari 4 ko 5 aka bar wurin da fata kawai, sai zugazugin ya samu ɓangare mai laushi: mutum ya ja numfashi wurin ya lotsa ciki, ya saki wurin ya bunƙaso waje. Iskar da ke shiga ta ragu, tari ya rasa ƙarfi, majina ta taru, ciwon huhu ya biyo baya, sai ka ga majinyaci ya kasa rabuwa da na'urar taimakon numfashi. Kuma wannan motsi ba ya hutu. Baligi yana numfashi kusan sau 20,000 a rana, sama da miliyan 7 ke nan a shekara. Duk abin da aka dasa a ƙirji sai ya jure wannan lanƙwasa dare da rana.

Abubuwan da ke sa a yanke bangon ƙirji sanannu ne. Akwai dajin guringuntsi, wanda ba ya jin magani sosai, ba ya kuma jin gashin na'urar haske, don haka babu mafita sai a yanke shi tare da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, da faɗi. Akwai dajin mama da ya daɗe ko ya dawo har ya kama haƙarƙari. Akwai wurin da gashin na'ura ya ƙona, bayan shekaru ƙashin ya mutu fatar ta ɓarke. Akwai ƙashin ƙirjin da ya ruɓe bayan tiyatar zuciya, ga kuma raunin harbi da haɗarin mota. Abin da ba a cika faɗa wa jama'a ba shi ne, ramuka da yawa ba sa buƙatar a dasa komai. Ƙa'idar da likitoci suka daɗe suna bi ita ce, ramin da bai kai santimita 5 ba ana iya rufe shi da nama kawai. A baya kuwa, inda allon kafaɗa ya rufe, ko ramin ya kai santimita 10 sau da yawa allon ya wadatar, sai fa in wurin yana daidai bakin allon ta ƙasa, inda zai riƙa faɗawa ramin yana maƙalewa duk lokacin da aka ɗaga hannu. Tun daga nan za mu ga cewa tambayar farko ita ce ina ramin yake kuma yaya girmansa, kafin a zo batun wane kamfani ya ƙera me.

A 1983 wasu likitoci biyu a Afirka ta Kudu, le Roux da Shama, suka zayyana siffofin da ya kamata abin dasawa ya cika: ya yi ƙarfin da zai hana wurin lotsawa, ya yi laushin da za a iya tanƙwara shi daidai jikin majinyaci, kada jiki ya yi faɗa da shi, kuma kada ya tare hoto idan ana neman a ga ko ciwon ya dawo. Sama da shekara 40 ke nan, har yau babu abu ɗaya da ya cika su duka. Ragar roba, wadda Francis Usher na Amurka ya shigo da ita aikin tiyata a 1958 da sunan Marlex, tana da araha, nama yana tsirowa ta cikin ƙofofinta ya riƙe ta. Amma ko an ɗinka ta a ɗame, ba ta da ƙarfin riƙe babban rami a gaba. Mayafin Gore-Tex, mai kaurin milimita 2, ba ya yoyon iska ko ruwa, abin da ke da amfani idan an cire huhu ɗaya gaba ɗaya, sai dai nama ba ya shiga cikinsa sosai, in kuwa ya kamu da ƙwayar cuta galibi sai an cire shi. Asibitin Mayo na Amurka ya bi sawun majinyata 197 da aka sa wa ko dai ragar roba ta Prolene ko mayafin irin na Gore-Tex, ya fitar da sakamako a 1999: bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne, duk da tazarar da ke tsakanin kuɗinsu.

Don samun ƙarfi, a 1981 likitocin cibiyar ciwon daji ta Memorial Sloan Kettering da ke Niyok suka bayyana wata dabara da har gobe ake amfani da ita. Ana shimfiɗa raga a kan tebur, a kwaɓa simintin ƙashi irin wanda ake kafa ƙugun roba da shi, a shafa shi a tsakiya a bar gefen ragar fili don ɗinki, a rufe da wata ragar. Simintin yana ɗaukar zafi sosai lokacin da yake sandarewa, shi ya sa ake lanƙwasa shi daidai siffar ƙirjin tun yana da taushi, a riƙa kwarara masa ruwan gishiri mai sanyi kada ya ƙona huhu. Cikin mintoci ya zama allo mai tauri. Yana hana lotsawa ƙwarai, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Aibinsa shi ne ba ya motsi da numfashi, yakan jawo ciwo ko ya tsage, ruwa kuma yakan taru a ƙarƙashinsa. Titaniyam ya zo ne don gyara wannan: ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, jiki yana karɓarsa, ana iya shiga na'urar hoto mai maganaɗisu da shi. Kamfanoni suka ƙera sanduna da maƙalai da ake kafawa daga wannan guntun haƙarƙari zuwa wancan. To amma ku tuna da numfashin nan miliyan 7. Wani bincike da Berthet na Faransa da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya gano cewa a sama da kashi 40 cikin 100 na majinyatan da suka bibiya, sandunan sun karye ko sun goce daga mazauninsu. Da yawansu ba su ma ji komai ba sai da hoto ya nuna, wannan gaskiya ce, kuma tana nuna wani abu: kafin ƙarfen ya gaza, naman jiki ya riga ya yi tabo mai kauri ya karɓi aikin.

A nan ne zancen ya fi nauyi. A 1957 wasu masu bincike biyu a Landan, Elek da Conen, suka yi wani gwaji a kan mutanen da suka amince da kansu. Sun gano cewa sai an zuba miliyoyin ƙwayar cutar nan mai kawo maruru a cikin fata kafin mugunya ta taru. Amma da aka sa zaren ɗinki na siliki guda a wurin, 'yan ɗaruruwa kawai sun isa. Zare guda fa. Ina ga raga mai faɗin tafin hannu biyu, ko allon siminti? Dalilin shi ne, ƙwayoyin cuta suna manne wa duk abin da ba shi da rai, su lulluɓe kansu da wata yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai. Roba ba ta da jijiyar jini, siminti ba shi da ita, titaniyam ma haka. Allurar da aka yi wa majinyaci da sojojin jikinsa duk ta jini suke tafiya, inda jini bai kai ba kuwa ba za su kai ba. Saboda haka duk abin da aka dasa, mai tsada da mai araha, rayuwarsa tana hannun naman da ya rufe shi. Idan fatar da ke kai siririya ce, ko gashi ya ƙona ta, ko an ja ta da ƙarfi don a haɗa bakin ciwon, za ta mutu ta buɗe, abin da aka dasa ya leƙo waje, daga nan sai cirewa.

Likitoci sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro roba. A 1906 Iginio Tansini na jami'ar Pabiya a Italiya ya bayyana yadda ake rufe ƙirjin macen da aka cire wa mama da faffaɗar tsokar baya, wadda ta taso daga ƙugu da ƙashin baya ta tattaru a hammata. Sirrin aikin yana ga jijiya ɗaya da ke shiga tsokar ta hammata. Likita zai kwance tsokar daga duk inda ta manne, ya bar ta rataye da wannan jijiya kaɗai, wani lokacin har da tsibirin fata a kanta, ya yi mata hanya ta ƙarƙashin hammata ya zaro ta gaba. Sai ya danna fatar da yatsa: ta yi fari, ya ɗaga, cikin daƙiƙa biyu ko uku jini ya dawo. Wannan dawowar jinin ita ce shaidar da ta fi kowace takardar kamfani. A 1963 Kiricuta na Romaniya ya nuna cewa mayafin kitsen da ke rufe hanji, wanda duk mahauci ya san shi, ana iya jawo shi sama a shimfiɗa a ƙirjin da gashi ya lalata, saboda cike yake da jijiyoyin jini. A 1980 Jurkiewicz da abokansa a Atlanta suka nuna cewa idan ƙashin ƙirji ya ruɓe bayan tiyatar zuciya, a kankare mataccen a cusa tsokar ƙirji a ramin, kuma mace-mace suka ragu sosai. A 1996 kuma Arnold da Pairolero na Mayo suka ba da rahoton majinyata 500 da suka gyara wa ƙirji a jere, tsokar jikin majinyatan ce ginshiƙin aikin. Ku lura da su wane ne mutanen biyu: ɗaya likitan gyaran fata da nama, ɗaya likitan tiyatar ƙirji, suna aiki a kan majinyaci ɗaya.

Wani zai ce, malam, ka zuzuta nama da yawa, ai tsoka ba ƙashi ba ce. Gaskiyarsa. Idan aka cire ƙashin ƙirji duka da kawunan haƙarƙari ta ɓari biyu, zuciya tana bugawa ne a ƙarƙashin fata, kafaɗu suna neman haɗewa, numfashi ya rikice. A nan dole a sa abu mai tauri, kuma a irin wannan rami ne titaniyam da aka ƙera daidai awo yake da hujja. Likitocin Paduwa a Italiya ma sun dasa ƙashin ƙirjin mamaci da aka adana cikin matsanancin sanyi, aka ɗaure shi da titaniyam. Ban ce a yar da waɗannan ba. Abin da nake cewa shi ne, ko a Salamanka, da ba a samu lafiyayyen naman rufe ƙarfen ba, da labarin bai yi daɗin ji ba. Haka kuma ɗauko tsoka ba kyauta ba ne. Aikin yana ƙara tsawo, ruwa yakan taru a bayan da aka ɗauko ta, wanda aka ɗebi tsokar cikinsa yana iya samun ƙaba daga baya, manomi ko mai dako kuwa zai ji ragin ƙarfi a kafaɗa na wani lokaci. Wannan farashi ne da ya kamata a gaya wa majinyaci tun kafin ya sa hannu. Amma idan aka auna shi da buɗaɗɗen ƙirji mai zubar mugunya wata da watanni, ba a ma haɗa su.

Wani kuma zai ce ai kimiyya ta riga ta warware matsalar ruɓa, tunda yanzu akwai ragar da ake yi da fatar mutum, ko fatar alade, ko tantanin zuciyar saniya, a wanke ƙwayoyin halittar da ke ciki a bar saƙar kawai, jijiyoyin majinyaci su tsiro a ciki ta zama jikinsa. Wannan ci gaba ne na gaske, musamman a ciwon da bai da tsabta, da kuma yara, waɗanda ƙirjinsu ke girma alhali siminti da ƙarfe ba sa girma, har ƙashin bayansu ya karkace. Sai dai ku duba sharaɗin: sai jijiyoyi sun tsiro a ciki. Daga ina za su tsiro in ba daga naman da ke kai ba? Ga shi tana saki da daɗewa, ga tsadar da ta ninka ta ragar roba sau da yawa. Sannan ga Musulmi akwai tambayar asali. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halasta dashen sassan jikin mutum bisa sharuɗɗa, har daga mamaci idan shi ko magadansa sun yarda. Game da abin da aka samo daga alade, malamai da yawa suna sassautawa idan larura ta kama kuma babu madadi. To amma a nan sau da yawa akwai madadi, na saniya ko na roba. Haƙƙin majinyaci ne a gaya masa daga wace dabba aka yi abin da za a ɗinka masa, ya yi shawara da malaminsa, kada ya ji daga baya.

Suka mafi zafi ita ce ta masu cewa araha ba ta ado, kuma duk mai yabon raga da siminti yana so ne talaka ya haƙura da ragowar abin da masu kuɗi suka wuce. Na fahimci wannan fushi, domin an sha kawo mana kayan da wasu suka ƙi. Amma tsada da sunan Turai ba su taɓa zama shaidar inganci ba. A 2010 hukumomin Faransa suka gano cewa kamfanin PIP ya shekara da shekaru yana cika maman roba da silikon na masana'antu, an dasa wa mata dubu ɗaruruwa a ƙasashe da yawa, ga tambarin amincewa a jiki. Mai kamfanin, Jean-Claude Mas, an yanke masa ɗaurin shekara 4 a 2013. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2016 mujallar likitanci ta New England ta wallafa gwajin da Löfgren da abokan aikinsa suka yi a gabashin Yuganda a kan maza 302 masu ƙaba. An ɗinka wa rabi ragar kamfani ta kusan dala 125, rabi kuma gidan sauro da aka turara, wanda bai kai dala 1 ba, dabarar da likitocin karkara a Indiya suka fara. Bayan shekara guda ba a ga wani bambancin a zo a gani ba wajen dawowar ƙabar ko matsalar ciwo. In yi gargaɗi da babbar murya: wannan ba gidan sauron da ake rabawa mai feshin magani ba ne, nau'i ne da aka tantance robarsa da irin zafin da yake jurewa, kuma gwajin na ƙaba ne, ba na ƙirji ba. Kada wani ya ji wannan ya je ya gwada. Abin ɗauka a ciki shi ne yadda aka raba gardamar: an gwada, an bi majinyata, an ƙirga.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan matan da ke zuwa asibiti da dajin mama a Najeriya suna zuwa ne ciwon ya riga ya yi nisa, wani ya fashe yana wari, wani ya manne da haƙarƙari, bayan an gama zagayen masu magani da saƙe-saƙi. Irin wannan ciwo ba shi da tsabta, kuma shi ne mafi munin wurin da za a sa baƙon abu. Abin da mace irin wannan take buƙata shi ne likitan da ya iya juyo tsokar baya ko ta ciki ya rufe ramin, ciwon ya warke da wuri ta samu ta fara magani da gashi a kan lokaci. Kuma a ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun majinyata yake fitowa, duk abin da aka rubuta a takarda a ce a sayo, gona ce ko saniya ko filin gado za a sayar. Likitan da ya rubuta titaniyam inda raga biyu da siminti za su wadatar, ya kamata ya iya faɗa wa dangi dalili.

Da za a tambaye ni inda gwamnati da asibitocin koyarwa za su sa kuɗi, zan ce a horar da likitocin gyaran nama da na ƙirji, a kuma tsara musu ranar aiki tare, domin yanzu ƙalilan ne, wasu kuma suna ficewa waje. A tabbatar tukunyar turara kayan aiki tana kai zafin da ake buƙata, akwai jini a ma'ajiya, akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman da wutar da ba ta ɗaukewa a daren farko bayan tiyata, wanda shi ne dare mafi haɗari ga numfashi. Hukumar NAFDAC, wadda rajistar kayan aikin likita ke hannunta, ta matsa a kan raga da simintin da ke yawo a kasuwa ba a san asalinsu ba. Sannan a buɗe rajista ɗaya da asibitoci irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri za su riƙa shigar da duk wanda aka gyara wa ƙirji: girman ramin, abin da aka dasa da lambarsa, tsokar da aka rufe da ita, da halin da yake ciki bayan wata 6 da bayan shekara 2. Asibiti ɗaya ba zai tara adadin da za a yanke hukunci da shi ba, amma huɗu ko biyar za su tara cikin 'yan shekaru, kuma kuɗin da aikin zai ci bai wuce na kwamfuta da ma'aikacin da zai riƙa kiran majinyata a waya ba.